Mu Haɗu a Fili

A unguwarmu idan aka ce maka "mu haɗu a fili," ba a ƙara maka kwatance. Fili ɗaya gare mu, yaron da ya fara tafiya jiya ma ya san hanyarsa. Yana nan tsakanin ƙaramin masallacinmu da katangar gidan mai unguwa, a ɗaya daga cikin tsofaffin layukan Fagge. Tsawonsa taku 70 ne, faɗinsa bai cika 50 ba. Da ƙafata na auna shi, kuma da dalili, za mu zo kansa. Babu shimfiɗaɗɗiyar ciyawa irin ta cikin talabijin, babu lilo, babu allo mai ɗauke da suna. Abin da ke ciki darbejiya tara, tsohuwar tsamiya guda, durumi biyu da ba su gama girma ba, dakali uku na siminti, sai ƙasa mai rairayi wadda kullum kafin rana ta fito an share ta, har ka ga sawun tsintsiya kwance a kai kamar zanen ƙwarya.

Kwanakin baya ɗana ya zo da wani abokinsa daga Abuja. Yaron ya tsaya a bakin filin yana kallo, ya ce, "Ashe ku ma kuna da wurin shaƙatawa." Gwaggo mai koko, wadda ta fi shekara ashirin tana zama a gindin tsamiyar nan, ta ɗago ludayi ta ce, "Ɗan nan, shaƙatawa ai ta ranar Sallah ce, a yi kwalliya a ɗebi yara a tafi Gidan Zu a biya kuɗin shiga. Nan zama muke yi." Aka yi dariya, amma ni maganar ta zauna mini. Gidan Zu ɗin da aka yi zamanin Audu Bako, a farkon shekarun 1970, wuri ne mai kyau, da wuya ka sami ɗan Kano da ba shi da labarinsa. Sai dai sau nawa mutum yake zuwa a shekara? Filinmu kuwa sau goma nake ratsa shi a rana, zuwa da dawowa, don ta cikinsa hanyar masallaci ta bi.

Asalinsa kududdufi ne. Duk wanda ya haura shekara hamsin a layinmu ya taɓa yin wanka a cikinsa a ɓoye, ya kuma sha bulala a kai. Haka tsofaffin unguwannin Kano suke: inda ka ga gidan ƙasa, duba kusa, za ka ga ramin da aka haƙo ƙasar. A kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a cura tubali, a shanya, a ɗora gini, shi kuma ramin ya zauna yana jiran damina. Ruwan lunguna duk can yake gangarawa. A ciki ake ɗibar ruwan yaɓe, a bakinsa ake shayar da dabbobi, agwagi kuwa nan ne gidansu. Ba zan yi masa kwalliya ba, sauro ma gidansa ne, kuma da yawanmu mun yi fitsarin jini na tsargiya saboda shi. Shekarar da ya ci wani yaro ɗan shekara shida, iyayenmu suka ce ya isa. Aka yi ta zuba toka da shara da ɓaraguzan gini, shekara da shekaru, har ya cike ya yi daidai da hanya.

Abin da ya hana a gine shi a lokacin abu biyu ne. Magina sun ce ƙasar ciko ba ta riƙe harsashi, duk wanda ya ɗora ɗaki a kai zai ga tsaga kafin damina biyu. Limaminmu na lokacin, Allah ya jiƙansa, shi kuma ya ce a bar wa unguwa inda za ta sallaci mamatanta. Ba takarda aka rubuta ba, magana ce aka yi bayan sallar Isha, kowa ya ce ya ji ya gani.

Idan kana son tarihin da ya wuce wannan, sai ka zauna kusa da Hedimasta bayan La'asar. Ya daɗe da yin ritaya, amma har yau ba wanda yake kiransa da wani suna. Shi ne yake gaya mana cewa Kano ba da cunkoso ta tashi ba. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki, don in an yi wa birni ƙawanya mutane su sami abin ci. Baturen nan Kilafaton da ya shigo Kano a 1824 ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da rubu'in ƙasar da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Mu kanmu nan Fagge, in ji shi, ai sunan ma ya faɗa: fage ne a wajen birni, inda fatake da Buzaye masu raƙuma suke sauke kaya su huta kafin su shiga kasuwar Kurmi.

Daga nan sai a shiga wasan da muka fi so a majalisa, wato lissafin unguwannin da suka ci sunan itatuwa. Wannan ya ce Ɗorayi, jam'in ɗorawa ke nan. Wancan ya ce Giginyu. A ce Kurna, a ce Tsamiyar Boka, a ce Durumin Iya, a ce Rimin Kebe, a ce Kukar Bulukiya, a ce Ceɗiyar 'Yangurasa. Wanda ya kasa kawo nasa shi zai sayi shayin zagaye na gaba. Wasa ne, amma duk lokacin da aka yi shi sai na ji wani abu a raina. Kakanninmu da itace suke kwatance. A gindinsa ake ciniki, a gindinsa ake sasanta rigima, a gindinsa baƙo yake sauka ya tambayi gidan da ya nufa. Itacen ya riga unguwar zuwa, ita ce ta taru a jikinsa har ta ɗauki sunansa. Yau a aiki yaro Ɗorayi ya nemo ɗorawa, a ga wahalar da zai sha.

Hedimasta yakan ce inuwar Kano ta rabu gida biyu ne bayan zuwan Turawa a 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, Sabon Gari ta biyo baya, Waje ta fara cika da baƙi da 'yan kasuwa da leburori. Turawa suka ware wa kansu unguwa can wajen Nassarawa, gidaje a tsakiyar manyan filaye, tituna jere da maɗaci da darbejiya. Dokar garuruwa ta 1917 ma ta tanadi a bar tazarar yadi 440 da ba a gini a cikinta tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da zazzaɓi. A garuruwa da dama irin wannan tazarar ce ta zama filin sukuwa da na folo da na gwalf. Mu kuma a wannan gefen aka yanka mana layuka, gida manne da gida. Har gobe idan ka taso daga Fagge da tsakar rana ka shiga Nassarawa, fatar jikinka za ta gaya maka ka canja unguwa kafin idonka ya gaya maka. Shi ya sa ɗan abin da muke da shi ba ma wasa da shi. Ba wanda ya zana mana shi a taswira, rami ne muka cike da hannunmu.

Ita darbejiyar ma baƙuwa ce, daga Indiya asalinta, zamanin Turawa ta bazu a ƙasashen nan. Wasu su ce dogon yaro, wasu maina, wasu bedi. Amma ta zama 'yar gida fiye da 'yan gida da yawa. Ba ta jin tsoron rani, lokacin da sauran itatuwa suka kakkaɓe ita tana nan da ganyenta. Da safe za ka ga dattijo ya miƙa hannu ya karyi tsinke ya yi asuwaki. Yaro ya yi zazzaɓi, a aiko a tsinki ganye, ko da yake yanzu ma'aikaciyar jinyar da ke layinmu ba ta gajiya da cewa a kai shi a gwada jininsa tukuna, kuma gaskiyarta. Idan bazara ta kama ta yi fure, da daddare ƙamshinsa yakan cika filin har cikin gidaje. In 'ya'yan sun nuna sun yi rawaya, jemagu su zo su kwana suna shagali. Laifinta ɗaya, saiwa. Ta kusa da gidan wani maƙwabcinmu da muke kira Kawu ta ɗaga masa daɓen zaure, ya zo majalisa da gatari a kafaɗa. Da ƙyar aka lallashe shi. Aka haƙa rami a bakin katangarsa aka datse saiwar da ta nufi gidan, aka yi karo-karo aka gyara masa daɓe. Yanzu shi ya fi kowa zama a gindinta.

Wanda bai zauna a tsohuwar unguwa ba ba zai san yadda gidajenmu suka matse ba. Gidajen gado ne, an raba, an sake rabawa. Zauren da a da yake ɗaukar mutum talatin, an yanke rabinsa ya zama shago. Tsakar gidan da ake shanya hatsi, an yi ɗaki biyu a ciki saboda yara sun yi aure. To in an yi rasuwa ina za a sa mutane? A wasu layukan sai dai a gitta benci a tare titi, masu mota su yi ta zagaye suna ƙorafi. Mu a fili muke sallatar gawa, a nan kuma ake shimfiɗa tabarmi kwana uku ana karɓar gaisuwa. Ranar da mahaifiyata ta rasu, ban san wa ya share wurin ba, ban san wa ya kawo tabarmi ba, ban san wa ya ajiye randa biyu cike da ruwa a gindin darbejiya ba. Na fito ne kawai na tarar. Ɗaurin aure ma nan ne, da suna. A wuri ɗaya aka raba goron aurena, a wurin kuma aka raba dabinon sunan jikata.

Sai kuma watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 da rana. Kwanon rufi ya ɗauki wuta, bangon siminti ya riƙe ta har tsakar dare, ga shi an ɗauke lantarki, fanka ta tsaya cak. Bayan Isha sai ka ga maza da samari suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da tabarmarsa a hammata da maganin sauro. Malamin kimiyyar da ke haya a gidan Alhaji, ɗaya daga dattawan layinmu, ya taɓa yi mana bayanin abin da ya sa nan ya fi cikin gida sanyi. Ya ce na farko, ganye ya tare rana tun safe, ƙasar ba ta gasu ba balle ta yi ta amayar da zafi da dare. Na biyu, itace yana jan ruwa daga ƙasa yana fitar da shi ta ganye, iska tana kwashewa, kamar yadda randa take gumi ruwan cikinta ya yi sanyi. Baba mai gadi ya ce, "Malam, ashe randa tara gare mu a tsaye." Tun daga ranar sunan ya bi su.

Akwai inda muka gaza, kuma gara a faɗa. Bayan an cike ramin, muna tasowa, dandali da daddare na 'yan mata ne. In wata ya yi haske sai ka ji tafi da gaɗa har unguwa ta uku, mu kuma samari muna gefe muna langa. Azumi ya kai kwana goma, 'yan tashe su fara haɗuwa a nan kafin su shiga gida-gida. A hankali duk wannan ya ja baya, majalisar maza ta mamaye wuraren zaman, mata suka koma bin gefe da sauri kamar masu ratsa gidan wani. Ban lura ba sai ranar da nake yabon filin a gida, mai ɗakina ta ce, "Malam, filinku dai. Mu da muke cikin zafin murhu wuni guda, wace inuwa muka sha?" Ban sami amsa ba. Ashe maganar ta daɗe tana yawo a tsakaninsu. Matan adashin layinmu suka tura Gwaggo da wata Hajiya wajen mai unguwa. Aka ware musu ɓangaren tsamiya daga La'asar zuwa Magariba, aka dasa lalle ya zama shinge daidai ƙugu. Yanzu nan suke zuba adashinsu, nan ake kitso, nan masu goyo suke baza yara su yi rarrafe a kan tabarma. Mu muka matsa da majalisarmu can gefen masallaci. Ko kusa bai kai rabon da ya kamace su ba, amma an fara. Lallen kuwa ba ya tsawo, don kafin ya yi an tsinke ganyen an kai turmi.

Rigimar da ta fi daɗewa ita ce ta 'yan ƙwallo. Sun mai da gindin darbejiya biyu raga, ƙwallo ta faɗa cikin kokon Gwaggo ba sau ɗaya ba, sannan suka karya mana dashe uku a damina guda. Dattawa suka ce a hana su gaba ɗaya. A wannan zaman ne jikan Alhaji, wanda ya dawo daga karatu a Ingila, ya kawo shawara. Ya ce a Landan akwai tsofaffin unguwanni masu lambu a tsakiya, kewaye da shingen ƙarfe, mazauna gidajen da ke kewaye da shi ne kaɗai suke da makulli. Mu ma a kewaye namu, a sa ƙofa. Alhaji ya dube shi ya ce, "Kai ja'iri, makullin wa za ka ba? Almajirin da yake wanke allonsa a nan, ko mai turin kurar ruwan da yake hutawa da azahar? In gawa ta fito sai mu tsaya neman mai makulli?" Yaron ya ce, "Tsoho, ni dai itatuwanka nake ji wa." Alhaji ya ce to ya ji musu da bokiti.

Haka kuwa aka yi. Ba a hana ƙwallo ba, ba a kuma sa ƙofa ba. Aka ce su buga a tsakiya, da duwatsu a matsayin raga, su tashi in an kira Magariba, kuma kowace ƙungiya ta ɗauki dashe ɗaya ta raina. Ƙungiyar da dashenta ya mutu ta huta mako biyu. Durumi biyun nan da na ambata, su suka raine su, kuma yau ko reshe ka taɓa sai sun tambaye ka dalili.

Yanzu ga dalilin da ya sa na auna filin da ƙafa. Wata Talata da sassafe, shekarun baya kaɗan, Gwaggo tana hura wuta sai ta ga mutum biyu, ɗaya yana jan igiyar awo, ɗaya yana kafa ƙarafa da guduma. Ta tura yaro a guje gidan mai unguwa. Kafin su kafa na huɗu, rabin layin ya fito. Mai unguwa ya yi musu sallama ya tambayi wanda ya aiko su. Babban cikinsu ya ce, "Ranka ya daɗe, mu aiki aka ba mu. An ce fili ne da ba kowa, za a yi shaguna." Liman ya ce, "Ba kowa? To mu da kake gani aljanu ne?" Mutumin ya ce, "Allah gafarta Malam, takarda ake tambaya." Nan jikinmu ya yi sanyi, don ba mu da ita. Maganar bayan Isha ce kawai, kuma waɗanda suka yi ta yawancinsu suna ƙasa.

Hedimasta ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Tun dokar ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun gwamnan jiha ne, yana riƙe da su amana a madadin jama'a. Wurin da ba a rubuta shi da sunan kowa ba, ba a kuma rubuta cewa na amfanin jama'a ne ba, wanda ya riga kai takarda ofis shi ake saurare. A daren nan muka rubuta koke. Aka ce sai an faɗi girman wurin, ba mai igiyar awo a cikinmu, shi ne na fita da tocila ina ƙirga taku. Da safe takarda ta zaga gida-gida, masu sa hannu suka sa, masu dangwale suka dangwala, mata ma ba a bar su a baya ba, har shafi huɗu. Daga mai unguwa ta je wa dagaci, daga dagaci ta je wa hakimi, daga nan aka raka mu ofishin da abin ya shafa. Samari suka haɗa da hotunan jana'iza da na ɗaurin aure da suke da su a waya.

Bayan mako uku aka turo wani jami'i ya gani da idonsa. Allah ya sa da La'asar ya zo. Ya tarar da 'yan ƙwallo a tsakiya, mata a gindin tsamiya, 'yan makarantar allo a jikin katanga, majalisa ta cika. Ya zagaya, ya ƙirga itatuwa, ya sha ruwan randa. Da zai tafi ya ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, da juji na tarar, juji zan rubuta." Daga nan maganar shaguna ta mutu. Takardar da za ta tabbatar da wurin a matsayin na jama'a har yanzu muna binta, duk wata sai wani ya je ya tuna musu. Ƙarafan kuwa an zo an cire, sai ɗaya da aka manta, shi ne Gwaggo take ɗaure igiyar rumfarta a jiki.

Maganar jami'in nan ta yi mana zafi ne don mun san inda ta dosa. Kusurwar gabas ta filin, a lokacin, juji ce. Mu muke zubawa, ba wasu ba. Ledar ruwa, tokar murhu, ruɓaɓɓen kayan miya, da daddare kuma masu tsugunno. Sa'a muka ci motar shara ta kwashe kwana biyu kafin zuwansa. Tun daga nan Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli da ake hana zirga-zirga da safe, ta zama ranar gayyarmu. Kowane gida ya fito da mutum ɗaya da tsintsiya ko shebur ko baro. Gidan da ba su da namiji a kusa, su aiko da kunu. A kusurwar da take juji a da, nan aka yi dakali na uku.

Wani ɗan unguwa da Allah ya buɗa wa ya taɓa cewa zai shimfiɗe mana filin gaba ɗaya da intalok, kyauta, don a huta da ƙura. Mun yi masa godiya ƙwarai, amma muka roƙe shi ya yi iya bakin masallaci. Dalilinmu ruwa ne. Kududdufan da suke shanye ruwan garin nan an cike yawancinsu an gine, ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Kowa ya ga abin da ambaliya ta yi wa kasuwar Kantin Kwari a damunar 2022, ga ta nan kusa da mu, 'yan layinmu da yawa a can suke neman abinci. Filinmu, da yake ƙasa ce tsirara kuma tsohon rami ne, in an yi ruwan Agusta mai ƙarfi yakan kwanta a ciki zuwa idon sawu, kafin wayewar gari ya tsotse. Ruwan nan da ba don filin ba, zaurukanmu zai shiga. Mutumin ya fahimta, sauran kuɗin ya gyara mana wurin alwala, aka kuma ja 'yar kwata daga nan zuwa gindin itatuwa, ruwan alwalar sallah biyar ya daina tafiya a banza.

Bana muka ce a ƙara itace ɗaya, don akwai gurbi a gefen arewa inda rana take dukan masu zaman makoki. Mako biyu ana muhawarar abin da za a dasa. Wani ya ce mangwaro, aka ce wa zai iya da jifan yara. Wani ya ce dabino, aka ce sai jikokinmu sun yi furfura. Kawu ya ce giginya, don a tuna da. Gwaggo ta leƙo daga bayan lalle ta ce, "Inuwar giginya, na nesa ka sha ta. Mu ta kusa muke nema." Aka tsaya a kan durumi.

Baba mai gadi ne ya yi aikin, don shi mutumin karkara ne, hannunsa ya san ƙasa. Durumi ba ya bukatar iri. Da damina ta kankama ya je ya saro reshe mai kaurin damtse, tsawonsa ya fi mutum, ya sassabe ganyen duka. Ya haƙa rami har gwiwa, ya cakuɗa ƙasar da busasshen takin awaki, ya kafa reshen, ya tattake gindin da diddige har ya daina motsi. Sannan ya ɗauko wani tsohon tulu da ya tsage a ƙasa, wanda mai ɗakina ta so yarwa, ya binne shi dab da gindin, bakinsa kaɗai a waje, ya rufe da fasasshen kasko. Ya ce in rani ya zo a cika tulun duk bayan kwana uku, zai riƙa tsatsafowa a hankali daidai inda saiwa take, rana ba za ta shanye ba. Daga ƙarshe aka kewaye shi da bulo a tsaitsaye aka ɗora ƙaya a sama, don awakin layinmu ba sa ganin ɗanyen ganye su wuce.

Kwana goma sha biyu sandar nan tana tsaye ba alamar rai. Kawu ya fara cewa da an ji tasa. Ran sha uku da safe ina fitowa daga masallaci sai ga jikata a guje, ko takalmi babu, tana kiran "Kaka, Kaka, zo ka gani!" Ta ja ni har gindin, ta nuna mini da ɗan yatsa. Toho uku ne, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, ɗaya ya fara buɗewa. Baba mai gadi ya zo ya duƙa ya daɗe yana dubawa, ya miƙe ya ce ya kama.

An liƙa takardar masu ban ruwa a jikin bangon masallaci, gida-gida, daga ɗaukewar ruwa har faɗuwar na baɗi. Gidanmu Laraba ya samu. Yarinyar ta ce ita za ta riƙa cika tulun, na ce bokitin ya fi ƙarfinta, ta ce to da buta za ta yi, sahu bakwai.